Azumin da Nafisa Ta Zo Samaru

Markar bana ta ƙi ɗaukewa. Kayan wanki na rataye a baranda har sun fara warin danshi, bangon kicin yana zufa, gishiri ya narke a cikin gwangwani. Ɗazu na leƙa ta taga na hangi 'yar maƙwabciyata zaune a bakin ƙofarsu da kwamfuta a cinya, wani abu maƙale a kunnenta, tana magana da mutanen da take yi wa aiki a Legas. An ce ba ta taɓa taka ofishinsu ba. Ba wanda ya tsaya kallonta, mai gasasshiyar masara ma wucewa ya yi abinsa. Ni kuwa warin danshin nan da ganin yarinyar suka mayar da ni Samaru, azumin da ya faɗo a tsakiyar damina, shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aiki. Ina aji biyu a ƙaramar sakandare lokacin, muna cikin babban hutu.

Wanda bai zauna a Samaru ba da wuya ya gane abin da yajin aiki yake yi wa garin. Ɗalibai na tafiya sai ka ga kamar an zare wa mutum laka. Ɗakunan haya duk kwaɗo, masu abinci sun kife tukwane, 'yan acaɓa na kwance a kan baburansu hula a fuska. Babanmu yana da shagon buga takardu kusa da ƙofar jami'a, kwamfuta ɗaya da injin kwafi. Ya yi ta buɗewa yana zama shi da ƙudaje, har wata safiya ya naɗo kwamfutar a cikin bargo, ya ɗauro ta a bayan babur, ya ajiye ta a ɗan ɗakinsa na kusa da zaure. Inna ba ta tambaya ba. Da daddare ta rage mudun tuwo.

Lokaci ne da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba. Masarar da Baba ya shuka a wata 'yar gona ta hanyar Shika ta yi goyo amma ba ta ƙosa ba, in ka ɓare sai ruwa fari kamar nono. Da azumi ya kama, sahur ɗinmu ɗumame ne da miyar kuka. Da yamma kunun tsamiya, sukarinsa sai ka yi shiru kafin ka ji shi, sannan fate da yakuwar da muke tsinkowa a bayan gida. Ƙosai sai ranar Juma'a. Ba mu sha ƙishirwa ba a azumin nan, garin a lumshe yake wuni, amma yunwar sanyi daban ce. Tun hantsi take fara murɗa ciki, ga ƙafa a jiƙe, ga zani ba ya bushewa.

Gidan haya muke, mu da iyalin Baba Yohanna, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna da ya yi ritaya daga aikin kula da shanu a Shika. Itace ya jiƙe a ko'ina, don haka Inna da matarsa Mama Rahila suka haɗa murhu ɗaya a ƙarƙashin rumfar kwano. Mama Rahila kan riƙe garwashi tun safe don kada Inna ta wahala da hura ɗanyen itace da bakin azumi, in la'asar ta yi kuma ita take karɓar taɓarya ta ce mu masu azumi mu zauna kada mu faɗa mata cikin turmi. Hayaƙin rumfar nan ya shiga gashinmu da hijabanmu, har a masallacin tarawihi ana gane 'yan gidanmu.

Ni ce 'yar fari. A gidanmu wannan yana nufin Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ko ina tsaye a gabansa, in yana son ruwan alwala sai ya dubi gefe ya ce, “A ce wa yarinyar nan ta kawo buta.” Ƙannena yana ɗaga su sama, yana yi musu wasa, yana tambayarsu karatu. Ni in na kawo sakamakon jarrabawa, Inna nake ba, ita ma ta miƙa masa ba tare da ta dube ni ba, washegari in tsinci takardar a kan tabarmata. Na san kunyar ɗan fari ce, haka aka yi masa shi ma, haka aka yi wa rabin 'yan ajinmu. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Dama ni ba mai magana ba ce, sai na ga kamar ni da Baba mun yi yarjejeniya ne, kowa ya riƙe shirunsa. Ban san akwai ciwo a ciki ba sai da Nafisa ta zo.

Nafisa 'yar Gwaggo ce, ƙanwar Baba da ke aure a Jushi, cikin Sabon Gari. Ruwan sama ya kayar da bangon ɗakin da yara suke kwana a gidansu, aka rarraba su gidajen dangi kafin a gyara. Sa'ata ce, watanni ne tsakaninmu, kuma taubashiyata, don haka tun daga zaure ta fara ƙwala kira wai ina baiwarta Salamatu ta zo ta karɓi jaka. Ta san duk abin da ban sani ba. Ta iya Turancin kasuwa na Sabon Gari, ta iya latsa waya ba ta kallo, ta haddace waƙoƙin finafinan Hausa da na Indiya, ta san jarumar da ta yi aure da wadda aurenta ya mutu. Ta ce Samaru ƙauye ne da ya sa tabarau. Baba ya fito daga ɗaki yana dariya, dariyar da rabon da in ji ta tun kafin a rufe shago, ya ce, “A'a, Nafisa ce? Nafisatu 'yar Sabon Gari, maraba da uwar surutu.” A numfashi ɗaya ya faɗi sunanta sau biyu. Ina riƙe da jakarta ina kallon yatsun ƙafata.

A makon ne aiki ya zo. Wata malama da Baba ya taɓa buga wa takardun digiri ta tafi ƙaro karatu Malesiya, ta bar kwali cike da kaset na hirar da ta yi da tsofaffin mata manoma a ƙauyukan bayan Shika. Ƙanenta ya kawo kwalin, ya ce tana so a saurara a buga duk abin da aka faɗa, a riƙa aika mata ta intanet. Abin da ake biyan Baba na aikin nan shi ya riƙe gidanmu har aka ga wata.

Majalisar ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya, ta samu abin taunawa. Tagar ɗakinmu na kallon wurin, don haka komai a kunnena. Malam Iliya tela ya ce duk aikin da ba ka ganin ubangidanka ido da ido, ko na aljanu ne ko na 'yan damfara, kuma shi bai ga yadda za a yi rubutu ya ƙetare teku ba tambari ba ambulan ba. Baba Yohanna ya ce a zamaninsu in ba a ga kekenka a gindin bishiyar ofis ba to ba ka zo aiki ba, ko da kai ka tatsi shanun, amma duniya ta canza, ɗan fastonsu ta wannan hanyar ya samu makaranta. Mai shagon kusurwa ya ce a bar zancen intanet, gwamnati ta fara riƙe wuta ta wuni ɗaya tukuna. Daga nan sai a koma kan yajin aiki. Wasu su ce laifin malamai ne, sun saba cin albashi a kwance. Wasu su ce laifin na sama ne, tunda 'ya'yansu ba a nan suke karatu ba. Malam Iliya kan rufe da cewa shi ya daina zaɓe, wancan karon yana kan layi rana na dukansa aka ce rediyo ya riga ya faɗi wanda ya ci. Sai samari su wuce za su gidan kallon ƙwallo, ya bi su da harara ya ce ga su nan, sun san sunan kakan ɗan wasan Turai, ba su san na nasu kakan ba. Baba dai murmushi yake yi.

Wuta ba ta da lokaci. Wata rana da hantsi, wata rana bayan azahar, wata rana ko ƙyaftawa. Saboda haka aka raba aikin biyu. In babu wuta, wani ya saurari kaset a rediyo mai batir ya rubuta a takarda. In an kawo, wani ya zauna kusa da Baba ya karanto masa, shi kuma ya buga da sauri kafin a ɗauke. Inna ce ta yi rabon, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ni in yi sauraro tunda zaman shiru ba ya gundurata, Nafisa ta yi karatu tunda Allah ya ba ta maƙogwaro. Ba ta faɗi sauran dalilin ba, amma na san shi. Ba tsari ba ne 'yar fari ta zauna gwiwa da gwiwa da ubanta a ɗaki.

Haka na wuni ranakun azumin nan a kan tabarma, rediyo manne a kunne saboda ƙarar ruwa a kwano. Don kada batir ya ƙare, da biro nake mayar da kaset baya, in zura shi a ramin in yi ta juyawa. Batiran da suka yi sanyi kuma in jera su a bakin murhu su ɗan farfaɗo. Na saba da muryoyin tsofaffin nan har na san wadda ba ta da haƙoran gaba, da wadda jikanta ke jan zaninta, da wadda take tsayawa ta kori kaji. Suna ta lissafo kaura da farfara da maiwa, yadda ake dambu da yadda ake fura a shekarun ƙoshi, ni kuwa cikina na ƙugi. Na kan rubuta har tarin da suka yi, don ban san abin da malamar take so a bari ba.

Sai ka ji yaran layi sun kaure da ihun an kawo wuta. Baba ya taso daga majalisa yana tattare riga, Nafisa ta fizge takardun daga hannuna ta ruga, ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna dab da ƙafarsa. Ba karatu kawai take yi ba, kwaikwayon tsofaffin take yi, alhali ko sau ɗaya ba ta saurare su ba. Ta lanƙwasa murya, ta yi tarin da na rubuta, Baba ya yi ta dariya har ya buga kuskure ya goge. In suka kai ƙarshen shafi ya ce, “Madalla, Nafisa. Allah ya yi miki albarka.” Ni kuma ina bakin ƙofa da tsintsiya. Dandamalin ƙofar ɗakin Baba bai taɓa shan shara irin ta azumin nan ba.

Wata rana wutar ta daɗe, aikin da na rubuta ya ƙare, sai Baba ya ce Nafisa ta matso ya koya mata. Ya ɗora hannunta a kan ɗan abin nan mai wutsiya da ake ce wa maus, ya ɗora nasa a kai, suna tura 'yar kibiya a fuskar kwamfuta. Ya buɗe mata wasan karta. Ni shekara da shekaru abin da ya haɗa ni da kwamfutar nan shi ne tsumman goge ƙura. Na tsaya ina kallon hannayen nan biyu har Inna ta kira ni daga rumfa ta ce ko tsintsiyar ce ta kama ni.

Abin bai tsaya a ɗaki ba. In an sha ruwa, Baba kan rage ɗan kunu a kofinsa, ranar Juma'a da ƙosai ɗaya a gefe, ya ce a ba Nafisa ta jiƙa maƙoshi, ta yi aiki. Takan zo ta zauna a gabana ta ci a hankali, ta ce in ina so in ce “ranki ya daɗe” ta gutsura min. Ba mugunta ba ce, wasan taubasai ne, da ni mai baki ce da na rama. Sau da yawa ma takan tura min rabin in ta ga Inna ba ta kallo. Ba na karɓa. Ba ƙosan nake so ba.

Na taɓa gwada yi wa Inna magana. Muna tsinke yakuwa, na yi ta juya zancen a baki, daga ƙarshe na ce ai ni ma na iya karatu da ƙarfi in an ce in yi. Ta dube ni kamar na yi ashar. Ta ce ba ni da ta ido ne, 'yar ƙanwarsa ce fa, amana ce a hannunsa, so nake a ce ya ture ta ya jawo tasa? Ta ce ita har ta yi aure ubanta bai taɓa haɗa ido da ita ba, kuma ba ta mutu ba. Na ci gaba da tsinke ganye. Mama Rahila da ke gefe tana fifita wuta ta yi ƙwafa.

Mafi zafi shi ne zuwa Sabon Gari. Shagunan intanet na Samaru duk sun rufe tare da ɗalibai, don haka duk mako Baba kan zuba aikin a ɗan filashi, abin adana bayanan kwamfuta, ya ƙulle shi a leda, ya tafi wani shago a Sabon Gari ya aika. Nafisa yake ɗauka, wai ta ga uwarta. Ina jin tashin babur, ina jin muryarta tana yi wa 'yan majalisa sallama ɗaya bayan ɗaya. Da yamma ta dawo da labari, fankoki na juyawa, kwamfutoci a jere, Madam mai shagon ta san sunanta, ta ga hoton malamar a gaban wani dogon bene, ta ga Ka'aba. Ba labarin ne ya fi damuna ba. In ta cire hijabinta ta jefar, ni nake ninkewa, kuma gaban hijabin ƙanshin turaren Baba yake yi. Na san ƙanshin daga nesa, daga rigunansa in ina wanki. Ban taɓa jin sa a jikin kayana ba.

Yanzu Baba ya tsufa, yana da waya mai shafawa, kullum cikin aika wa Nafisa saƙon murya yake, ita ma tana turo masa barkwancin 'yan siyasa. Ni in na kira, gaisuwa ce, sai ya ce ga innarki. 'Yata ta fari kuwa sunanta nake kira tun daga bakin titi, har surukata na cewa ba mu da kunya. Wataƙila ba mu da ita.

A goman ƙarshe na azumi kaset ya ƙare. Na rubuta maganar tsohuwa ta ƙarshe, wadda ta rufe da cewa a gaida mutanen birni, Nafisa ta karanta, Baba ya buga. Washegari za a kai aikin ƙarshe. Bayan asuba ban koma barci ba. Ruwa ya tsagaita, kwaɗi na ta kuka a kududdufin bayan gida. Na yi wanka da ruwan sanyi, na sa hijabin makaranta wanda ya fi sauran bushewa. Da hantsi Baba ya fito da babur ƙofar gida ya kafe shi, ya koma ciki ɗauko leda. Nafisa na ɗaki tana neman takalminta ɗaya. Ban shirya komai ba, ban kuma san lokacin da ƙafafuna suka yanke shawara ba. Na bi ta zaure, na wuce ta gaban majalisa kaina a ƙasa, na hau bayan babur na zauna.

Hirar majalisa ta tsaya. Baba ya fito, ya yi turus da leda a hannu. Ya dubi darbejiya, ya dubi zaure, ya ce, “Wa ya aiki yarinyar nan?” Nafisa ta fito tana ɗingishi da takalmi a hannu, ta fashe da dariya ta ce yau baiwa ta hau dokin uwargijiyarta, in sauka kafin ta sayar da ni a kasuwar Sabon Gari. Ban sauka ba. Na riƙe ƙarfen baya da hannu biyu.

Baba Yohanna ne ya yi gyaran murya. “Malam Sani, ɗauki yarinyanka mana. Mu namu na fari a wuya muke ɗora su mu je coci, ba abin da ya same mu.”

Malam Iliya ya ce kowa da al'adarsa, amma dai yaran yanzu sai addu'a, duk kallon finafinan nan ne. Baba ya tsaya yana murza leda. Ban taɓa ganin kunya ta kama babban mutum haka ba, sai na ji kamar in nutse, amma na riga na hau. Can ya zura ledar a aljihu, ya hau, ya ce, “Nafisa, shiga tsakiya.”

Haka muka tafi. Na ja baya na koma kan ƙarfen ɗaura kaya, Nafisa ta shige tsakaninmu ta rungume Kawunta. Duk ramin da muka faɗa sai ƙarfen ya sare ni. Ni ƙugun Nafisa na riƙe, hijabinta na kaɗawa yana marin fuskata, tana nuna min gine-gine tana ihu cikin iska kamar ita ta gina su.

Shagon ɗaki ne dogo mai duhu, janareto na ruri a bayansa, warin fetur da zufa. Samari sun dunƙule uku uku a kan kwamfuta ɗaya. Madam Uche, mai shagon, wata ƙatuwar mata mai tabarau a goshi, ta tare mu da murna, ta ja kumatun Nafisa. Baba ya zauna, Nafisa ta ja kujera kusa da shi ba tare da an ce mata ba. Na tsaya a bayansu. Intanet ɗin da na yi wata ina mafarki ashe wani shuɗin layi ne da ke rarrafe a ƙasan gilashi, ya tsaya, ya ƙara gaba kaɗan.

Muna jira sai Madam ta sauke tabaraunta ta ƙare min kallo. Ta ce, “Malam, wannan kuma fa? Na your pikin? 'Yarka ce?”

Baba bai juyo ba. Ya ce, “Ta gidanmu ce.”

Ta tambayi sunana. Na ga bayan wuyansa, na ga yadda ya gyara hula. Mutumin kirki ne aka yi masa tambaya kai tsaye, a garin da ba ruwan kowa da kunyar ɗan fari, ba 'yan majalisa, ba Inna. Na ce a raina yau kam ba makawa.

Ya ce, “Nafisa, gaya mata.”

Nafisa ta ce sunana Bebiya. Madam ta kai mata dukan wasa, ta sunkuyo kusa da fuskata ta ce ni take tambaya, ba ni da baki ne? Na faɗa, janareto ya haɗiye. Ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa, da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har wani saurayi ya waiwayo. Madam ta maimaita, ta ce suna mai kyau, ta ce wa Baba ashe ɓoye wannan ya yi a gida, ga goshin ga hancin, kamar ya yi kaki ya tofar. Baba ya ce, “To.” Yana ta kallon gilashin da har lokacin bai buɗe komai ba. Nafisa ta turo baki ta ce ai ita ma ana cewa tana kama da shi. Wannan ne kaɗai abin da na ci a ranar, kuma na daɗe ina lasarsa.

Da shafin ya buɗe, Nafisa ya ce wa ta danna. Ta danna. Ya ce shi ke nan, ya tafi. Duk tsofaffin nan nawa, da kajinsu da tarinsu, sun isa Malesiya da yatsan Nafisa kafin mu miƙe tsaye.

Muka biya Jushi. An tayar da bangon, sabon laka bai gama bushewa ba. Gwaggo ta rungume ni tana kiran sunana tana cewa na rame, sannan ta ce Nafisa ta zauna haka nan, ga kitso ga lallen Salla. Nafisa ta rako mu bakin babur, idonta ya ɗan yi ja, amma bakin bai mutu ba. Ta ce in riƙe mata wurinta, aro ta ba ni, kada in saba.

La'asar ta wuce lokacin da muka kamo hanya, gabas ta yi baƙi ƙirin. Kujerar duka tawa ce yanzu, amma sai na samu kaina a can baya, hannuwana a kan ƙarfe, tsakanina da bayan Baba fili wanda mutum ɗaya zai zauna. Muna wuce Kwangila ruwa ya sauko, irin mai manyan ƙwayoyi, yana zuba a filin nan na tsakaninmu yana gangarowa cikin zanina. Babur ya faɗa wani rami da ruwa ya rufe, na yi sama na dawo, saura kaɗan in zame.

Ya rage gudu. Ba tare da ya waiwayo ba ya ce, “Ke, matso ki riƙe rigata.”

Na matso kaɗan, na kama gefen rigar da yatsa biyu. Muka ɗan yi tafiya haka. Sai ya ce, kamar da hanya yake magana, “Nafisa kam har barci take yi a bayan nan.”

Ko a nan ma tana nan. Na rufe ido, na saki nauyina, na kwantar da kumatuna a tsakiyar bayansa kamar wadda barci ya kwashe. Na ji jikinsa ya sandare. Na jira ya ce in tashi. Bai ce ba. Bayansa da ɗumi, ƙashin kafaɗarsa ya fito fiye da yadda nake zato, turaren nan ya gauraye da warin jiƙaƙƙen yadi. Magariba ta kusa, ga ruwa, ga azumi a bakinmu, duk mai hankali gudu zai yi. 'Yan acaɓa suna ta wuce mu suna watsa mana taɓo. Baba bai ƙara gudu ba har muka shiga Samaru.

Daf da kwanar layinmu ya ɗaga kafaɗa sau ɗaya, a hankali. Na gane. Na tashi zaune, na ja baya, na mayar da hannuwana kan ƙarfe. 'Yan majalisa sun gudo cikin zaurenmu suna jiran kiran salla, kowa da kofinsa a gaba. Malam Iliya ya leƙa bayana ya ce ina 'yar Sabon Gari? Mai shagon kusurwa ma ya tambaya, har yaran maƙwabta.

Baba ya kafe babur yana matse hularsa. Ya ce, “Mun baro ta Jushi. Gidan zai yi shiru.”

Na raɓa ta gefensu na shige. Ruwa na ɗiga daga hijabina har ƙasa, ba inda bai yi sanyi ba a jikina sai kumatuna na dama. Inna na kira daga rumfa a zo a ɗauki kunu, ni kuwa na tsaya a bayan ƙofa na rufe wurin da tafin hannuna, kada ya huce.